Sawu na Biyu a Matashin Gwaggo Hajara

Baba ba ya dawowa daga kasuwa kafin la'asar. Tun ina ƙarama na san mahauci ba ya barin teburinsa sai nama ya ƙare. To ran nan ko azahar ba a kira ba, ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, na saka wani littafin soyayya a cikin littafin lissafi ina karantawa, sai na ji moto, wato babur, ya tsaya a ƙofar gida. Baba ya shigo da rigar aikinsa, ko hannu bai wanke ba. Bai dubi Mama ba, bai dube ni ba. Ya tsaya a tsakiyar gida ya ce, "Hajara ta rasu. Yanzu aka kira ni daga Yawunde." Mama ta yi salati ta zauna a ƙasa, nan inda take tsaye. Ni kuwa na ci gaba da kallon shafin da ke gabana, ina ganin baƙaƙen amma ba sa haɗuwa su zama magana. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ba mai magana ba ce a cikin taro. Duk zaman makokin nan da aka yi, mutane suka zo daga Marwa, daga Kuseri, wasu ma manyan lauyoyi daga Yawunde, kowa ya faɗi abin da ya sani game da ita, ni ina bayan ƙofa ina miƙa ruwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa. Sunana Safiya. Marigayiyar ƙanwar mahaifina ce. Garin Garwa ya san ta da Metir Hajara, lauyar da ta karanci dokokin ciniki tsakanin ƙasashe. Mu a gida Gwaggo muke ce mata. Kakanmu kuwa, Malam Ɗanladi baduku, wanda ya haife su ita da Baba, "Uwata" yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa ya sa mata.

Wanda ya gan ta a kotu cikin baƙar riga ba zai yarda ita ce take hawa moto da rigar a cikin leda ba. Idan ta iso gidan Kaka, tun daga zaure take cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ba ta tashi sai ya ce, "Tashi, Uwata, gwiwar boko ba ta da ƙwari." Tana son suya mai yaji sosai, tana ci tana hawaye tana cewa a ƙara. Ita ce mutum ta farko da ta kama ni da littafin soyayya. Na ɗauka ta ƙare mini. Sai ta karɓa ta saka a jaka, ta dawo mini da shi bayan ta karanta, ta ce, "Safiya, labarin ya yi daɗi. Amma wannan saurayin naki, daga farkon littafi har ƙarshe ban ga ya tafi wurin aiki ba. Me za ku ci?" Daga ranar, duk zuwan da za ta yi sai ta kawo mini sabo, kuma sai mun yi shari'ar masoyan da ke ciki.

Sai dai ba don wannan ne unguwar Dukawa ba za ta manta da ita ba. Don sawun dorina ne. Wanda ba ɗan unguwarmu ba sai na yi masa bayani.

A unguwarmu, duk yarinyar da za ta yi aure ana yi mata matashin fata. Jar fatar akuya ce, a jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, a cusa mata audugar rimi. Baduku yana ɗaukar aska ya yanka fuskar fatar a hankali ya ɓare, sai wani zane ya fito fari a cikin ja, mai kama da tafin dorina a laka, irin wanda ake gani a bakin kogin Binuwai da sassafe. Shi ne sawun dorina. Sabon matashi sawu ɗaya ake yi masa. Idan mai shi ta rasu, matashin yana komawa hannun baduku, ya sake masa auduga, ya ƙara sawu ɗaya, a ba wata yarinya daga jininta. Sawu ɗaya, mace ɗaya. Matashin ba ya fita daga ɗakin barci, kuma babu namijin da ke ganinsa sai miji da baduku. Abu mafi girma, ba a sayar da shi. Dukawa suna sayar da takalma da jakunkuna da kube da buzu, amma ba a taɓa ɗora sawun dorina a kan abin kasuwa ba.

Ban san sau nawa na kwanta ina tunanin nawa ba. A littattafan da nake karantawa, zobe ake bayarwa ko fure. Ni ko a mafarki, matashina nake gani, da sawunsa guda, sabo, yana ƙamshin bagaruwa.

Gwaggo ce kaɗai a unguwar da ta sami matashi ba tare da aure ba. Lokacin da za ta tafi jami'a, Kaka ya zauna ya yi mata. An yi ta surutu. Ya ce, "Barin gida za ta yi, kuma ba za ta dawo yadda ta tafi ba. Mene ne aure in ba wannan ba?" Da shi ta tafi Yawunde, da shi ta hau jirgi zuwa ƙasar waje. Ba ta yi aure ba har ta koma ga Allah. Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye ta ko ta taɓa son wani. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, sannan ta ce, "Na so, Safiya. Ya ce in zaɓa tsakaninsa da Garwa. Bai san Garwa ba."

Abin da ya faru shi ne, wani kamfani daga ƙasar waje ya zo ya kafa majema ta zamani a bayan gari. An yi murna, domin samari sun sami aiki, mahauta irin Baba kuma sun sami mai sayen fata kullum. Wata rana ɗaya daga cikin mutanen kamfanin ya zo zauren Kaka ganin aikin hannu. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi, ya ci tuwo da hannu, ya koyi cewa "usoko" kamar yadda Fulani ke godiya. A zauren akwai wani tsohon matashi na wata tsohuwa da ta rasu ba ta bar mace ko ɗaya a danginta ba, sawu ya kusa rufe fatarsa. Idon baƙon ya tsaya a kansa. Ya nemi a sayar masa, Kaka ya ce ba na sayarwa ba ne. Ya sake yabawa. Da zai tafi ya sake waiwayensa. A wurinmu, idan baƙo ya ci abincinka, idonsa kuma ya kasa barin wani abu naka, abin kunya ne ya fita hannu wofi. Kaka ya ɗauko matashin ya miƙa masa da hannu biyu. A tunanin Kaka, abin da ya shiga hannunka ta hanyar kyauta ba ka kai shi kasuwa. Bai taɓa jin an yi haka ba, don haka bai yi zaton ana yi ba.

Ni na fara gani. Yaya Maimuna, yayata, tana shirin aure, muna duba hotunan jakunkunan amare a wayarta. Sai ga wata Baturiya doguwa ta rataya jar jaka, sawun dorina ya rufe ta ko'ina. Har a takalminta akwai. Sawun da ake ɗora kai a kansa, ga shi ana taka ƙasa da shi. Yaya Maimuna ta kife wayar a kan katifa.

Kaka ya sa babbar rigarsa ya tafi majemar da kansa, yana ganin kuskure ne da za a gyara da magana. Aka ba shi kujera, aka ba shi ruwan sanyi, sannan aka gaya masa cikin ladabi cewa kamfani ya yi wa zanen rajista a matsayin ƙirƙirarsa, kuma rajistar tana aiki har a ƙasarmu. Ma'ana, shi Malam Ɗanladi ne yanzu zai nemi izini kafin ya yanka sawun dorina a fata. Ya dawo gida, ya naɗe askarsa da basillarsa a tsumma, ya cusa a saman rufin zaure. Ya ce, "Hannun da ya bayar ba zai sake yankawa ba." Sauran dukawa suka bi shi, domin shi ne babbansu. Haka aka kai Yaya Maimuna ɗakinta babu matashi. Ita ce amarya ta farko a unguwar da aka kai haka. Mata suka yi ta guɗa don kada a lura, amma kowa ya lura.

Gwaggo ta zo bikin. Ba ta ce komai ba sai da baƙi suka watse. Ta zauna a gaban Kaka ta ce, "Baba, ba ka yi laifi ba. Ka yi abin da aka koya maka. Shi ma baƙon ya yi abin da aka koya masa. Yanzu saura ni in yi abin da ka tura ni in koyo."

Ni ta fi yi wa bayani, wataƙila don ni ce mai sauraro ba tare da katse ta ba. Ta ce ƙasashe suna ƙulla yarjejeniya cewa kowace za ta girmama rajistar 'yar'uwarta, don ciniki ya tafi daidai. Ta ce wannan ba mugun abu ba ne. Amma doka ta ce abin da za a yi wa irin wannan rajista dole ya zama sabo. Idan aka nuna wa kotu cewa sawun dorina ya girmi kamfanin da kakannin masu kamfanin, rajistar ta rushe. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, kowa ya sani. Ta ce, "Kowa a unguwar Dukawa. Abin da ba ki gaya wa duniya naki ne ba, wani zai gaya mata nasa ne."

A nan wahalar take. Shaidar tana nan, amma tana cikin ɗakunan barcin mata. Gwaggo ta bi gida gida. Tana yi wa wasu Hausa, tana yi wa wasu Fulatanci. Duk inda ta shiga sai a ba ta fura, a saurare ta, a ce Allah ya taimaka, amma maganar fito da matashi gaban baƙon namiji, a'a. Wata ta ce mata, "Metir, ki ce in fito da zanen cikina mana, ya fi sauƙi."

Sai kuma kamfani ya ji labari. Suka aika wa hukuma cewa sun zuba jari a ƙasar nan bisa alkawarin za a kare dukiyarsu, zanen kuma yana cikin dukiyar. Idan aka taɓa shi za su rufe majema, su kai gwamnati ƙara a wata kotun sulhu a ƙasar waje. Manya suka fara kiran Gwaggo a waya, ana ce mata za ta kori masu zuba jari daga arewa. Wannan bai dame ta ba kamar fushin Baba. Ranar da suka yi sa-in-sa ina kicin ina jin su.

"Hajara, ke albashi kike ci. Ni fata nake kai musu. In sun rufe, ke za ki saya?"

"Yaya, ban ce su rufe ba."

"Su suka ce. Kuma samarin da ke aiki can fa? A kan matashi?"

"A kan matashi, Yaya. Wanda aka kai 'yarka babu shi."

Baba ya kau da kai. Sannan ya ce, "Karatu ya sa kin iya soka magana."

"A gidan mahauta na koya." Ta sassauta murya ta ce, "Yaya, na karanta yarjejeniyar nan ciki da waje. Ta kare wa kamfani gininsa da injinansa, kuma ni ma zan tsaya a kare masa su. Baƙo yana da haƙƙin tabarma da ruwan sha. Ɗakin barci ba ya cikin yarjejeniya."

Baba ya tashi ya ce shi dai matashi ba zai fita ta ƙofar gidansa ba. Ya daina amsa gaisuwarta yadda ya saba. Ita kuwa ba ta fasa durƙusa masa ba, kuma ban taɓa jin ta faɗi mummunar kalma a kansa ba. Ta ce mini, "Babanku ba tsoro yake ji don kansa ba. Ku yake gani."

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da kotu ta turo ma'aikacinta ya ga shaida da idonsa. Gwaggo ta sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Kaka, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da namu. Ma'aikacin, wani saurayi ɗan kudu da ba ya jin Hausa, ya zauna da na'urar ɗaukar hoto a cinya. Hantsi ya yi, babu mace ko ɗaya. Ya fara duba agogo. Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da nata matashin, ta ajiye a tsakiyar tabarma. Ya koɗe, gefensa ya yi baƙi saboda man kai, ga sawunsa guda. Ta zauna kusa da shi ta miƙe ƙafa kamar mai jiran a gama tuwo. Ina leƙe ta taga, kunya ta kama ni kamar ni aka tuɓe. Amma fuskarta ko gezau.

Sai muka ji sanda tana buga ƙasa a zaure. Inna Dudu ce, tsohuwar Bafulatana da aka auro unguwarmu tun kafin a haifi Baba. Ta shigo da ƙunshi a ka. Ta ce, "Jam na, Hajara? An ce mini kin fito da naki ke kaɗai kamar mai tallan da ba a saya."

"Jam, Inna. Ga shi kuwa."

"Ke ba ki da miji kin fito da naki. Ni nawa ya daɗe a kabari. Wa zan ji wa kunya?" Ta kwance ƙunshin. Nata ta gada ne daga uwar mijinta, wadda ba ta bar 'ya mace ba, sawu a kansa har ba wurin sa yatsa. Ta nuna ma'aikacin da sanda ta ce, "Gaya wa yaron nan ya ɗauki matashi, kada ya ɗauki fuskata, ban sa kwalli ba."

Sannan ta ɗora yatsa a kan sawun farko ta kira sunan mai shi. Ta matsa na gaba ta kira. Wannan ita ce ta zo daga Kano da fatake. Wannan a zamaninta Jamusawa suka shigo. Wannan ita ce ta haifi tagwaye a cikin kwalekwale. Gwaggo tana juya masa da Faransanci, shi kuma ya daina duba agogo. Kafin Inna Dudu ta kai ƙarshe, zaure ya cika da mata, kowace da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi, kowace tana jiran wata ta riga ta. Can sai na ji Mama tana kirana ƙasa ƙasa ta kan katanga. Ta miƙo mini nata ta ce, "Babanku ƙofa ya hana. Bai ce komai a kan katanga ba."

Tabarmi suka cika da ja. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma babu littafin da na karanta da ya kai shi. Matan da ban taɓa jin muryarsu a gaban namiji ba suna kiran sunayen iyayensu mata ɗaya bayan ɗaya. Kaka yana zaure ya juya baya, don ko baduku bai dace ya kalli matashi a hannun mai shi ba, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Da kamfani ya ga inda shari'a ta dosa, sai suka nemi sulhu. Suka ce za su amince zanen na unguwar Dukawa ne, su ci gaba da sa shi a jaka, unguwa kuma ta riƙa samun rabo. Lauyoyi da yawa da sun ce an ci nasara. Gwaggo ba ta amsa ba, ba ta kuma ƙi ba. Ta tara matan a gidan Kaka ta yi musu bayani tsakani da Allah. Ta gaya musu rabon zai iya gyara rijiyar unguwa da rufin makaranta, kuma idan sun karɓa babu wanda zai zarge su, ita ma ba za ta zarge su ba. Ta ce, "Ni lauyarku ce, ba mai matashin ba. Ku za ku faɗa." Aka daɗe ana magana, wasu suna so, domin rijiyar da gaske ta lalace. Daga ƙarshe Yaya Maimuna, wadda ta fi ni kunya, ta ce, "Gwaggo, in an sayar, wanda za a yi mini daga baya me zai zama? Jaka ce da ba ta da hannu." Aka yi dariya, amma maganar ta zauna.

Gwaggo ta koma musu da amsar matan, ta kuma tafi da wata shawara tata. Ta ce dukawan Garwa suna da zane iri iri da tun asali na kasuwa ne. Kamfani ya ɗauki waɗannan da yardar masu su, dukawa su yi aikin da hannunsu, a rubuta sunan Garwa a jiki. Sawun dorina kuwa a cire shi daga jaka da takalmi, a soke rajistarsa, a dawo da matashin tsohuwar nan. An ja, an kai ruwa rana, amma haka aka yi. Majema ba ta rufe ba. Baba yana kai fatarsa har yau. Matashin tsohuwar ya dawo a cikin akwatin kwali, an naɗe shi da farar takarda kamar jariri.

Bayan haka aka riƙa kiran Gwaggo idan za a tattauna sabuwar yarjejeniya da wata ƙasa. Abin da take nacewa a kai shi ne a rubuta a fili cewa ƙasa tana da ikon kare abin da mutanenta suka gada, kuma yin hakan ba cin amanar mai jari ba ne. Ta ce mini ba mu kaɗai ba ne, akwai masaƙa a wajen Kaélé, akwai masu sassaƙa ƙwarya a Mindif, kowa da abin da yake ba baƙo da hannu biyu. Wani daga cikin lauyoyin da suka zo gaisuwa ya ce a kan wannan aikin take ranar da ta faɗi a ofis.

Abu ɗaya ne bai yi mata daidai ba. An ci shari'a, amma Kaka bai sauko da askarsa ba. Ya ce kotu ta wanke unguwa, ba ta wanke hannunsa ba. Sauran dukawa kuma ba za su riga shi ba. Zuwanta na ƙarshe, na ji ta a zaure tana lallashinsa.

"Baba, na dawo maka da shi har gida."

"Na gani, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

"To Maimuna tana jira. Ga Safiya ma tana tasowa, kullum tana mafarki."

"Wannan matar tawa? Ai ni zan aure ta, ba ta buƙatar matashi."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, doka tana iya dawo maka da abinka, amma ba ta iya riƙe aska. In ba ka yanka ba, ba su ne suka kashe shi ba."

Ya ce ta ba shi lokaci. Ta ce to. Ta sa takalminta ta tafi tasha. Shi ke nan ganinmu da ita.

A Yawunde aka yi mata sutura. Baba ya je, ya dawo da kayanta ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan ya hau mota. Ya ce duk hanya matashin yana kan cinyarsa, bai yarda a sa shi cikin kaya ba. Da aka share makoki, ya ɗauke shi ya shiga zauren Kaka ya ajiye a gabansa. Ya ce, "Baba, mai shi ta rasu. Ya dawo wurin baduku." Bai ƙara komai ba. Babu abin ƙarawa, domin kowa ya san abin da al'ada ta ce a yi da shi.

Kaka ya daɗe yana shafa sawun nan guda da ya yanka da hannunsa lokacin tana budurwa. Sannan ya ce, "Ku miƙo mini tsumman can na sama." Baba ya miƙo. Kaka ya wasa askar a kan dutse. Ya yanka, ya ɓare, sabon sawu ya fito fari tas kusa da tsohon. Ya ɗago ya neme ni da ido a bakin ƙofa. Bai tsokane ni ba ranar. Ya ce, "Safiya, zo ki karɓa. Ba ta bar 'ya ba, amma ta bar ki." Na karɓa da hannu biyu. Ya juya wurin Baba ya ce, "Gobe ka zaɓo mini jar fatar akuya mai kyau, kada ka kai musu ita. Maimuna ta daɗe tana jira."

Na yi shekaru ina mafarkin sabon matashi mai sawu ɗaya. Allah ya ba ni tsoho mai sawu biyu, wanda ya je jami'a, ya hau jirgi, ya zauna shi kaɗai a kan tabarma a gaban kotu. Ban san yarinyar da ta kai ni gata ba. Wata rana wata za ta ɗora yatsa a kan sawun farko ta ce, wannan ita ce Hajara, lauya, wadda ta dawo da shi gida.

Ya Allah, ga baiwarka Hajara ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta tsaya wa matan da ba su iya tsayawa a gaban kotu ba, ka tsaya mata ranar da babu lauya sai rahamarka. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ka ba Kaka haƙurin rashin 'yar da yake kira uwa, ka ƙara wa idonsa haske da hannunsa ƙarfi. Ka sanyaya zuciyar Baba, ka sa ya san ta tafi ba ta riƙe shi da komai ba. Ka ba Mama da Yaya Maimuna da Inna Dudu da dukkan matan unguwar Dukawa dangana. Mu da muka rage, ka sa mu riƙe abin da ta damƙa mana, kuma idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.